ZAUREN 'YAN KALLO: Kuɗin kaset ya koma sayen fanka da gidan sauro

Duk wanda ya yi wayo a zamanin 'Sangaya' da 'Wasila', wato wajen shekarar 2000, ya san yadda kuɗin kallo ke fita daga aljihun maigida. Ko a sayi kaset, ko a aiki yaro shagon haya ya karɓo, sannan a tanadi ɗan man janareto saboda halin NEPA. To, yaran da ake aike a wancan lokaci, masu leƙen tagar maƙwabta don su ga rawar Ali Nuhu, yau su ne iyaye. A Kakuri, Makera, Barnawa, Nasarawa, Television har zuwa Sabon Tasha, za ka iske su da goyo a baya ko jariri a cinya, waya a hannu, ana bin finafinai masu dogon zango irin su 'Labarina' da 'Izzar So', waɗanda su ka fara fitowa a 2020.

Kaset ya mutu, faifan sidi ya bi shi, amma har gobe kallo na cin kuɗi. Abin da ya sauya shi ne inda kuɗin ke zuwa. Yanzu uwargida da maigida na kashe shi ne a kan 'yan ƙananan kaya da ke sa waya ta rayu, ɗaki ya yi sanyi, jariri ya yi barci har a gama fim. Yawancin kayan nan kuma daga intanet ake yin odar su.

Kasuwar cikin waya

Jumia da Konga duk a 2012 su ka buɗe a Legas. Temu, mai turo kaya daga Chana, ta shigo Nijeriya a ƙarshen 2024. Ga kuma 'yan kasuwar Instagram da masu tallar kaya a sitatus na WhatsApp, waɗanda wasu ma maƙwabta ne a layi ɗaya. Ƙarancin takardar kuɗi da aka sha a farkon 2023 ya koya wa har tsofaffi tiransifa, ta yadda OPay da Moniepoint su ka zama sunaye a bakin mai kayan miya.

Mutanen tsallaken kogi su na da dalilin lissafin kowane kwabo. Masaƙar KTL da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, sauran masaƙun su ka bi baya, gidaje da dama su ka rasa albashin da su ka dogara da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ƙetare gada zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a keke Napep ya zama abin da sai an yi shawara. Mai jego da ba ta da wanda za ta bar wa yaro, ai gara ta danna waya a kawo mata har ƙofar gida.

Na ɗaya: masu yaƙi da duhu

A jerin kayan da iyaye su ka fi yabawa, fanka mai caji ce a sahun gaba. Wanda ya kwana da jariri a ɗaki ciki ɗaya a watan Maris ko Afrilu a Kaduna ba sai an yi masa bayani ba. Wasu fankokin su na zuwa da ƙaramin faifan sola, da fitila, da ramin cajin waya. A watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan wutar da ke ciyar da Arewa su ka samu matsala, jihohi da dama su ka shafe fiye da mako a duhu, gidan da ke da irin wannan fanka shi ya zama majalisar 'yan kallo.

Sai fawa bank, wato ma'ajiyar cajin waya. A nan akwai lissafin da ya kamata mai saye ya sani. Batirin yawancin wayoyin Tecno da Infinix na yanzu ya na kai 5,000mAh. Fawa bank mai 20,000mAh ba zai cika irin wannan waya sau huɗu ba, domin wajen kashi ɗaya cikin uku na wutar na salwanta a hanya. Sau biyu da rabi ya isa a gode wa Allah. Idan kuwa aka ga wani ɗan mitsitsi kamar kwalin ashana an rubuta masa 50,000mAh, kuma kuɗin sa bai kai na kwanon shinkafa ba, to a yi ta kai. Akan fasa irin su a tarar har yashi aka cusa don su yi nauyi. Kuma kada a bar shi a rana ko ƙarƙashin matashin kai ya na caji kusa da yaro, domin batirin na iya kumbura ko ya kama da wuta.

Na biyu: kayan jariri

Gidan sauro na jarirai, mai buɗewa kamar laima, ya samu karɓuwa sosai, musamman a unguwannin da ke kusa da kogi, inda sauro ke cin karen sa babu babbaka da damina. Ana naɗe shi a tafi da shi gidan biki ko gidan suna. Sai dai ba ya maye gurbin babban gidan sauro mai magani wanda uwa da ɗa za su kwana a ciki da dare.

Ma'aunin zafin jiki mai batir shi ma ƙaramin abu ne mai babban amfani. Tafin hannun uwa na iya yin kuskure, musamman cikin dare. Idan jaririn da bai kai wata uku ba ya nuna maki 38 ko sama, ba a tsayawa jiran a gama fim ko gari ya waye, asibiti ake nufa. Ga Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard nan duk a Kakuri.

Kunzugu mai wankuwa, wanda ke da maɓallai ana ƙara masa girma yayin da yaro ke girma, ya rage wa magidanta da yawa kuɗin famfas. Ga fulas na ruwan zafi, ga ɗan injin markaɗen albasa da attaruhu na jan zare, wanda babu ruwan sa da wutar lantarki.

Akwai kuma waɗanda bai kamata a yi odar su daga hannun wanda ba a sani ba. Madarar jarirai, magani, da man shafawar yara su na buƙatar a riƙe su a hannu, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma nono zalla ta ce a ba jariri har wata shida. Shi kuwa keken koyon tafiya, wanda ake yawan gani a falon attajiran cikin fim, ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda yadda yara ke faɗowa daga matakala ko su kai ga abu mai zafi. A gidan da ake girki da risho ko gawayi a tsakar gida, sai a yi tunani sau biyu.

Na uku: kayan kallo

Abin jingine waya, da abin saƙalawa a kunne don kada kiɗan fim ya tashi mai barci, da ƙaramar na'urar MiFi da ke raba data ga duk 'yan gida, su ne kan gaba. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, iyaye sun koyi rage ƙarfin hoto a YouTube. Awa ɗaya a 720p na iya lashe wajen gigabait guda, amma a 360p ba ya kai rabin haka, kuma a fuskar waya Sadiq Sani Sadiq dai shi ne Sadiq Sani Sadiq.

Katin memori shi ne inda aka fi yin kuka. Na jabu zai nuna 128GB, alhali cikin sa bai wuce takwas ba. Ya na cika sai ya fara cinye abin da aka zuba da farko, a wayi gari hotunan suna da bidiyon biki duk sun tafi. Ga kuma wata magana da ta shafi 'yan fim kai-tsaye: wanda ya cika memori a shagon masu tura finafinai, furodusa bai samu ko sisi daga gare shi ba. Wanda ya kalla a tashar mai fim ɗin ta YouTube kuwa, tallar da ke giftawa ce ke biyan darakta, da jarumi, da mai ɗaukar hoto. Masoyi na gaskiya ya san inda ya kamata datar sa ta tafi.

Wata al'ada da ta shigo da wayar nan ita ce miƙa wa jariri ita don ya yi shiru. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, yaron da bai kai shekara biyu ba ba a so a zaunar da shi gaban allo, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Fim na manya ne, yaro wasa da hira ya ke buƙata.

Cinikin biri a sama

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, amma sayayyar intanet kusan haka ta ke. Shi ya sa waɗanda su ka goge su ke da 'yan dokoki. In akwai damar biya bayan kaya sun iso, ita ake zaɓa. Ana karanta ra'ayin waɗanda su ka riga su ka saya, musamman masu ɗora hoton abin da ya zo masu. Ana duba tsawo da faɗi da santimita, don kada kafet ɗin falo ya iso a matsayin abin goge ƙafa. Ana haɗa kuɗin kawowa da na kaya kafin a ce an yi araha. Kayan da 'yar kasuwa ta ba direba daga Kano sau da yawa a tashar Kawo za su sauka, kuma daga Kakuri zuwa Kawo da dawowa, ribar ta ƙare a hanya. Lambar sirri ta kati da wadda banki ke turowa a waya ba a faɗa wa kowa, ko da ya rantse da Alƙur'ani. Wanda kamfani ya cuta kuma ya na iya kai kuka ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC.

Tarkon da ya fi kama 'yan kallo shi ne shafukan bogi masu ɗauke da suna da hoton jarumai. A ɗora hoton fitacciyar jaruma, a ce ita ke sayar da labule ko kayan jarirai a rabin farashi, a karɓi kuɗi, a toshe lamba. 'Yan wasa sun sha fitowa su na nesanta kan su da irin waɗannan shafuka. Sai kuma tarkon ido: amarya ta ga labule da fitilun falon wani Alhaji a fim, ta nace sai irin su. Ta manta cewa galibin gidajen nan aro ko haya 'yan fim ke yi, ana gama ɗauka kowa ya kama gaban sa. Araha dai ba ta ado, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Saboda haka ƙanne da 'yan'uwa matasa, waɗanda galibi su ake miƙa wa waya a ce su yi wa Anti ko Yaya oda, nauyi na kan ku. Kafin watan Nuwamba ya zo da rangwamen Black Friday, a zauna a rubuta abin da gidan ke buƙata: abin da zai kori zafi, ya kori sauro, ya riƙe caji. In kuɗi ya ragu, sai a yi maganar labule.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.