Hannun Kawu da furojet ɗinmu masu shan ƙura

Kawuna ya fi shekara ashirin yana awon hatsi a kasuwar Dawanau. Mutum ne da ke cicciɓar buhun masara shi kaɗai. Wata safiya bara ya miƙa hannu zai ɗauki kofin koko, kofin ya suɓuce. Baki ya karkace, magana ta sarƙe. Kafin hantsi gida ya cika, kowa da tasa fassarar: wannan ya ce jifa ne daga abokan kasuwa, waccan ta ce iska ce ta buge shi. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe. Sai bayan kwana goma sha ɗaya aka kai shi asibiti cikin gari, likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jinin da bai san yana da shi ba ne ya jawo ta.

Aka tura mu wajen masu gashi. Sau ɗaya a mako biyu muke samun layi, ga kuɗin adaidaita daga Dawanau zuwa gari, ga wahalar ɗaukar babban mutum a saka shi a fito da shi. Sauran kwanakin, ni ne mai gashinsa a tsakar gida. In ce, "Kawu, buɗe yatsun." Ya yi ta nishi, gumi na zuba, yatsu ko gezau. Ranar nan ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, hannun nan ya mutu. Ka daina wahalar da kanka."

To, hannun bai mutu ba. Mai gashin ce ta fahimtar da ni cewa matsalar a ƙwaƙwalwa take, inda jini ya yanke, kuma ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sabuwar hanya idan aka dage da maimaita motsi, musamman a wata uku zuwa shida na farko. Sau da yawa saƙo yana isa tsoka, sai dai ya yi rauni ƙwarai, ido ba ya ganin komai. Wanda kuwa ya yi ƙoƙari sau ɗari bai ga alama ba, wa zai ga laifinsa in ya haƙura?

A nan ne dabarar da ake kira bayofidbak ta shigo. Duk lokacin da tsoka ta yunƙura, tana fitar da ɗan lantarki kaɗan, wanda bai wuce 'yan milibol ba. Sai a manna wayoyi a fatar hannu, na'ura ta kama wannan lantarkin ta ƙara masa ƙarfi, ta mayar da shi haske ko ƙara. Mara lafiya ya yunƙura, fitila ta kama. Ya ƙara ƙoƙari, ƙarar ta ƙaru. Yanzu yana ganin aikinsa da idonsa. Ba sabon abu ba ne fa: likitan nan na Kanada, John Basmajian, ya gwada shi a kan masu shanyewar jiki tun shekarun 1970.

Ba zan yi muku tallar maganin gargajiya ba, mai warkar da cuta casa'in da tara. A 2007 masana na Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 13 a kan wannan dabara, suka ga alamun amfani idan an haɗa ta da gashi, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, ba su isa a yanke hukunci ba. Na'urar ba ta maye gurbin mai gashi. Abin da na yi imani da shi kawai, da Kawu ya ga fitila ta kama a makon farko, da bai yi watsi da atisayen wata biyu ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafe mu, 'yan uwana ɗalibai. Ku leƙa ɗakin ajiyar furojet na sashen lantarki. Fitilar ba da hannu a titi, na'urar auna ruwan tanki, inbata, duk shekara su ne dai, an kare su gaban malamai an samu maki, sun koma shan ƙura. Ni ma ban tsira ba, rukuninmu na'urar tankin muka zaɓa saboda akwai na shekarar baya da za mu leƙa. Alhali kayan na'urar Kawu ba su fi ƙarfinmu ba: wayoyin mannawa, amfilifaya, allon Arduino, 'yan fitilu da batir. Batir kawai, don Allah. Kada wani ya haɗa jikin mutum da wutar soket.

Wani zai ce ku ba likitoci ba ne. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu kaɗai za mu yi ba. Akwai sashen koyar da gashi a Jami'ar Bayero, akwai masu aikin a Asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi da ke Dala. Su za su ce ga tsokar da za a auna, ga wanda ya dace a gwada wa. Wasu abubuwan ma ba sa bukatar waya: sikeli biyu, ƙafa ɗaya a kan kowanne, suna nuna wa mutum ko yana ɗora nauyi a ƙafar da ta shanye. 'Yan kwamfuta kuma, ina manhajar Hausa ta atisayen magana da tuna abubuwa? Kawu har yau yakan kira cokali wuƙa.

Ƙungiyar ɗalibai ma tana da nata rabon. Ranar 29 ga Oktoba ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. A sa tebur a bakin get, a auna jinin kowa, har masu gadi da masu sayar mana da abinci.

Kawu yanzu yana iya riƙe carbi da hannun dama, amma bai koma rumfa ba, ƙaninsa ke zaune a ciki. Ranar Litinin na kai wa malamin da ke duba furojet ɗinmu takardar neman canjin take. Ya ce in dawo da jerin kayan da kuɗinsu.