In Ka Je Luksor, Kada Ka Tsaya Kan Sarakuna Kawai

Hutun bara na kai wa yayana ziyara a Alƙahira, inda yake karatu a Azhar, muka hau jirgin ƙasa na dare zuwa Luksor. Gari na wayewa mai yi mana jagora ya tsallaka da mu Nilu, sai Kwarin Sarakuna. Kowa burinsa kabarin Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922. Tikitinsa ma daban ake yanka, ka shiga ka tarar ɗan ƙaramin wuri ne, zinarin kuma tuni yana gidan tarihi. Ban ce kada a je ba fa.

Amma wanda ya dawo bai taka Deir el-Medina ba, wallahi rabin labari ya gani. Ƙauyen ma'aikatan da suka haƙa kaburburan nan ne, ba shi da nisa da kwarin, kuma ranar da muka je ba mu tarar da cunkoso ba. Gidaje kusan 70 manne da juna cikin katanga ɗaya. Masu sassaƙa dutse, masu yaɓe, masu zane, kafintoci. Wato irinmu, 'yan Poli. Kwana 8 aiki, kwana 2 hutu, albashi kuwa alkama da sha'ir. Har rajistar zuwa aiki gare su a kan ɓallin dutse: wane bai zo ba, kunama ta harbe shi; wane yana shirya gawar ɗan'uwansa. A shekara ta 29 ta mulkin Ramses na Uku hatsin ya yi jinkiri, suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna dirshan a haikalan sarakuna. Shi ne yajin aiki mafi daɗewa da aka samu a rubuce, sama da shekara 3,000, takardar tana Turin ta Italiya.

Kullum muna kukan ana fifita mai digiri kan mai HND, ana yi wa aikin hannu kallon raini. To, mu ma da muka isa can, sunan Fir'auna muka fara ɗauka a hoto, ba wanda ya tambayi wa ya riƙe kurfi da guduma. Har ni.

A gefen ƙauyen akwai kabarin Sennedjem, ɗaya daga cikin ma'aikatan. Matakalar ƙunci gare ta, zafi kamar tanda, amma ga shi nan a bango shi da matarsa suna noma, fentin ɗorawa kamar jiya aka shafa. Sai da mai gadi ya ce mu fito.