A zana mana fadamar Aliero

A falon masu hali, daga Jega har Maiyama, akwai hoton da idona ya gaji da gani: koren fili, ɗan gida mai jinka, rafi da gada, sama cike da gajimare. Ƙauyen Ingila ne, an buga a takarda an sa masa firam mai ruwan zinari. Maigidan bai taɓa taka ƙasar ba, balle wanda ya sayar masa.

Salon da ake kwaikwaya yana da asali mai kyau. A 1874 wasu masu zane a Faris, ciki har da Claude Monet, suka baje kolin aikinsu, aka yi ta yi musu dariya wai ba su gama ba. Su kuwa waje suke fita da fentin mai, suna ɗiga launi da sauri kafin rana ta juya. A shekarar ce ɗaya daga cikinsu, Alfred Sisley, ya je Ingila ya zauna bakin kogin Thames kusa da Hampton Court yana zana ruwa da gada. Abin da ke gabansu suka zana, shi ya sa aikin ya yi rai.

To mu fa? Ku je fadamar albasa a Aliero da sanyin safiyar hunturu, lokacin da hazo ya kwanta, ganye kore shar, rana ta fito ja kamar garwashi. Ku dubi Gulbin Zamfara a Jega in rani ya janye ruwa ya bar yashi. Da Monet ya ga wannan haske, wallahi da ya nemi masauki.

Wani zai kawo maganar addini. Malamai sun bambanta hoton mai rai da na itace da gulbi, kuma an ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai zane ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai.

Hannu ma akwai shi. Masu yi wa motocin albasa ado sun iya haɗa launi, kuma tun 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya a Zariya don zana abin gida. Mai saye ne babu. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, da aka kafa a 2006, tana da bangaye birjik. In ta ba matasa aikin zana fadamar garin kowane hunturu, dillalan albasa za su bi sahu, don na san halinsu, ba sa son a fi su.