Kunnen jirgin yaƙi: yadda tace zangon rediyo ya zama batun rai da mutuwa

A daren 7 ga Mayun 2025, jiragen yaƙin Indiya da na Pakistan sun yi arangama daga nesa, ba tare da matuƙan sun ga juna da ido ba. Pakistan ta ce ta kakkaɓo jiragen Indiya, daga bisani babban hafsan tsaron Indiya ya amince an yi asara, amma bai faɗi adadi ba. A irin wannan karo, ran matuƙi ya rataya ne ga na'urar da ke gargaɗinsa cewa radar abokan gaba ta gano shi.

Aikin wannan na'ura saurare ne kawai. Galibi tana kasa kunne ga zangon da ya tashi daga gigahaz 2 zuwa 18, fili mai faɗi da ke cike da hayaniyar radar filayen jiragen sama, da taurarin ɗan'adam, da hasumiyoyin wayar salula, har da na'urorin jirgin da ke ɗauke da ita. Shi ya sa ake jera mata matatai masu aiki kamar rariya: kowace tana barin ɗan yanki na zangon ya wuce, ta tare saura. Idan sigina mai ƙarfi ta cika yanki ɗaya, sauran na ci gaba da ji. Idan rada biyu suka haska jirgin a lokaci guda, ana iya rarrabe su.

Sojojin ruwan Birtaniya sun ɗanɗana kuɗar rashin tacewar a yaƙin tsibiran Falkland. Ranar 4 ga Mayun 1982, na'urar sadarwar tauraron ɗan'adam ta jirgin HMS Sheffield ta toshe kunnen na'urar gargaɗinsa, daidai lokacin da jiragen Ajantina ke tunkaro shi. Makami mai linzami samfurin Exocet ya same shi, mutum 20 suka mutu.

A yau lamarin ya fi tsanani. Fasahar 5G ta shiga zangon da ke maƙwabtaka da na wasu radar soji, kuma radar zamani na sauya zango cikin ƙiftawar ido. Ƙara yawan matatai na ƙara kaifin ji, amma yana ƙara nauyi da tsada, kuma kowace matata na rage ƙarfin siginar da ake son kamawa.

Don haka ƙasar da ke cinikin jirgin yaƙi kada gudunsa da makamansa su ruɗe ta. Ta tambaya: wane zango kunnensa ke ji, kuma wa ke da ikon sabunta shi idan abokan gaba suka sauya murya?