Intanet a Makarantu: Kada a Tsallake 'Ya'yanmu

Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta kacokan. Yaron da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, yaya zai yi ranar?

Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF, wanda ke kai intanet makarantu. Harajin kamfanonin waya na cikin abin da ke cika shi, wato kuɗin katin da mu ma muke saye a Sabon Ibadan da Agege. Don haka ba alfarma muke roƙo ba. Kada a tsallake makarantun unguwanninmu da sunan mu baƙi ne, alhali nan aka binne kakanninmu. Sashe na 42 na tsarin mulki ya haramta wariyar asali.

Iyaye, mu halarci taron PTA, mu sa hedimasta ya rubuta takardar nema, Sarkin Hausawa ya sa hannu.