Sharhi: Kwalin Labarin Ƙasa, Riba ko Faɗuwa?

Sharhinmu na yau kan lissafi ne, irin wanda uba ke yi ranar da ɗansa ya shigo gida ya ce jami'a ta ba shi gurbi, amma a sashen labarin ƙasa. Sau da yawa ba shi yaron ya nema ba, maki ne bai kai ba aka tura shi can. Uban kuwa tambayarsa ɗaya ce: "To in ka gama, wane aiki za ka yi?" Kada a ga laifinsa, shi zai biya.

Mu fara da abin da za a kashe. A takarda digirin shekara huɗu ne, sai shekarar hidimar ƙasa. A zahiri yakan zarce haka, domin yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Tun 2023 jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗin rajista, ga ɗaki, ga ci, ga kuɗin fita daji aikin nazari, wanda ɗalibin wannan fanni ba ya kauce masa. Akwai lamunin ɗalibai na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024, ba shi da ruwa, amma bashi ne: shekara biyu bayan hidimar ƙasa za a fara cire kashi goma cikin ɗari na albashi. Babbar asarar ma ba a rubuta ta a rasit. Shekarun nan biyar, sa'an yaron da ya zauna a shagon waya ko wajen walda ya riga ya zama maigidan kansa.

To me kwalin ke kawowa? In shi kaɗai aka riƙo, gaskiya kaɗan ne. Mai hidimar ƙasa yana karɓar naira 77,000 a wata, mafi ƙarancin albashi kuma 70,000 ne tun 2024. Sai ka ga wanda ya gama hidimar ya koma koyarwa a makarantar kuɗi da ba ta biyan ko wannan. Darasin labarin ƙasa ba dole ba ne a sakandare, saboda haka malami ɗaya ya ishi makaranta guda, shi ma sai ya haɗa da shaidar koyarwa.

Amma kasuwar ba ta mutu ba, wuri ta sauya. Ku dubi harkar filaye. Abuja na da AGIS, Kaduna na da KADGIS, Kano na da KANGIS, kuma aikinsu shi ne sanya kowane fuloti a taswirar kwamfuta kafin a ba da takardar mallaka. Ku tuna yaƙi da shan inna: sai da aka zana taswirar ƙauyuka da rugage daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka bi sawun masu ɗiga rigakafi da waya, sannan aka daina tsallake yara, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali a 2020. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet, cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam da ke Jos, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai, duk masu wannan ilimi suke nema. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, abin da masu agaji suka fara buƙata shi ne sanin wace unguwa ce kwari, wace ce tudu.

Sai dai a waɗannan wurare ba a tsayawa kan kwali. Za a ajiye maka kwamfuta a ce zana mu gani. Nan ne ɗalibanmu da yawa ke faɗuwa, don sun haddace sunayen duwatsu da iskoki, amma darasin taswirar kwamfuta a kan allo aka koya musu da alli. Abin takaicin shi ne manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, kowa na iya sauke ta ya koya.

Gargaɗi ɗaya kuma: digirin labarin ƙasa ba ya mai da mutum safiyo. Sa hannu a takardar awon fili sai mai rajista da hukumar SURCON, kuma hanyar ta bi ta ƙarin karatu, kamar wanda ake yi a makarantar awon ƙasa ta tarayya da ke Oyo. Haka tsara birane, shi ma da hukumarsa. Duk mai lissafi ya sa wannan ƙarin shekara da kuɗi a ciki tun farko.

Ba mu manta cewa ilimin na da wata daraja da ba ta albashi ba. Michael Mortimore, da ya koyar a Zariya da Kano, da shi ya nuna wa duniya yadda manoman karkarar Kano ke rayar da gona ɗaya shekara da shekaru. Amma uba ba zai ciyar da gida da wannan ba.

Hukuncinmu: kwalin ya cancanci kuɗinsa ga wanda zai fito da sana'ar taswira a hannunsa, amma wanda zai fito da takarda kaɗai, ya sake shawara. Iyaye, kafin ku biya rajista ku tambayi sashen ko yana da ɗakin kwamfuta mai aiki. Ɗalibai, ku nemi zaman koyon aiki a ofishin filaye tun kuna aji biyu. Shugabannin sassa kuma, ku ba yaran nan kwamfuta su taɓa.