Ƙarfe Ma Yana Gajiya

Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye a hannunsa, ya ga abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Ƙarfen da ake ta murɗawa yakan fara tsaga 'yar ƙarama wadda ido ba ya gani, ta yi ta cin ciki a hankali, ran nan sai ya ɓalle ba sallama. Direbobin manyan motoci da ke jigila tsakanin Ikko da Kano sun san haka, domin sifirin mota bai cika karyewa ran da aka ɗora shi ba.

A ƙaramin jirgin sama kuwa, babu inda wannan cuta ta fi haɗari kamar farfela. Yawancinsu na alminiyam ne, kuma sukan juya kamar sau 2,400 a minti, watau sau 40 a daƙiƙa ɗaya. Tsakuwa guda da farfela ta tsinta a filin sauka na ƙasa takan bar ɗan tabo, tsatsa ma haka, musamman a iskar gishiri ta bakin teku irin ta Ikko. Daga wannan tabo tsaga take farawa. Idan ɓangaren reshe ɗaya ya fita a sama, nauyi ya karkace, girgizar tana iya fizge injin daga mazauninsa.

A watan Agusta 1995 wani ƙaramin jirgin fasinja ƙirar Embraer ya tashi daga Atlanta a Amurka da mutum 29. Reshen farfelar hagu ya karye, jirgin ya faɗi a wata gona, aƙalla mutum takwas suka rasu. Masu bincike suka gano tsatsa ce ta fara tsagar daga cikin reshen. Abin takaici, an taɓa cire wannan reshe don a duba shi, amma mai gyara ya goge wurin, aka mayar da shi bakin aiki.

Saboda haka laifin ba na ƙarfe kaɗai ba ne. Masu ƙera farfela sun yanka mata wa'adi, na awoyin tashi da na shekaru, wanda in ya cika dole a kwance ta a kai wa ƙwararru. Mai jirgin da ya ɗaga wannan wa'adi don tsoron kashe kuɗi, da rayukan mutane yake caca.

Ya kamata hukumar kula da jiragen sama ta riƙa duba farfelar da kanta, kada ta tsaya ga takarda. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta ci gaba da cusa wa ɗalibanta cewa shafa farfela da hannu kafin tashi wajibi ne. Makaniken da ya ce jirgi ba zai tashi ba kuwa, a saurare shi, kada a tsangwame shi. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya kiyaye matafiya.